Darasi: Zaɓen Daɓe da Ƙofar Dubawa a Ginin Kasuwanci

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin irin daɓen da ya dace da kanti, mangazar hatsi, gidan abinci ko ɗakin sayar da magani, tare da dalilinsa;
2. lissafa buhunan siminti da kwalayen karo da ɗaki zai ci;
3. bambanta karo mai ƙwari da wanda ƙyalli kawai gare shi;
4. nuna wa magini inda za a bar ƙofar dubawa, da girmanta, da abin da za a yi ta da shi;
5. kiyaye kansa da ma'aikatansa ranar da za a buɗe ta.

1. Abin da daɓe ke sha a garinmu

A ɗakin kwana mutum biyu ko uku ne ke taka daɓe, su ma sai sun tuɓe takalmi a bakin ƙofa. A kanti kuwa, ranar kasuwa, ƙafa ba ta ƙidayuwa, kuma babu mai tuɓe takalmi. Garinmu Dakoro mahaɗa ce. Manoman gero da wake na shigowa daga wajen Kornaka da Sabon Mashi, makiyaya na gangarowa daga kwarin Tarka da ƙasar Bermo, kowa da rairayin hanyarsa a tafin takalminsa.

Wannan rairayin shi ne abokin gaba na farko. Ƙwayarsa ta fi gilas tauri. Duk takun da aka yi a kansa, ana goge fuskar daɓen ne kaɗan-kaɗan. Ku duba tsohon kanti mai karo: za ku ga wata hanya ta dusashe daga bakin ƙofa zuwa teburin ciniki, gefe da gefe kuma karon na nan da ƙyallinsa. Da hunturu, iska ke shigo da ƙurar ko ba a taka ba.

Na biyu shi ne nauyi. Buhun gero mai kilo 100, idan aka jera goma bisa juna, tan guda ke nan a kan ɗan wurin da buhu ɗaya ya kwanta. Ga kuma 'yan dako da ke sauke buhu da ƙarfi, ga ganga mai bakin ƙarfe da ake mirginawa.

Na uku shi ne abin da ke zuba a ƙasa. Ruwa yana sa santsi. Gishiri da kanwa, waɗanda ake sayarwa da yawa saboda dabbobi, suna cin siminti idan suka haɗu da laima. Haka ma wasu nau'o'in takin zamani. Tsamin nono shi ma yana cin siminti, shi ya sa daɓen wurin da ake tara madara ko yin cuku yakan yi rami-rami da wuri. Mai da jini kuma suna shiga ƙofofin siminti su bar wari.

Saboda haka, kafin a tafi sayen komai, mai gini ya zauna ya amsa waɗannan tambayoyi: su wa za su taka wurin nan, kuma da wane takalmi? Wane nauyi za a ɗora? Me zai riƙa zuba? Da me za a riƙa tsabtace shi, tsintsiya ko ruwa da sabulu? Amsar nan ce ke zaɓar daɓe. Launi da ado su biyo baya.

> Akwatin ma'ana
> Daɓe: fuskar ƙasan ɗaki da ake takawa, ko na siminti ne, ko na karo, ko na leda.
> Kankare: siminti da yashi da tsakuwa da aka kwaɓa da ruwa.
> Murabba'in mita: fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Tsawon ɗaki sau faɗinsa shi ke ba da yawansa.
> Mita kubik: tulin da ke da mita 1 a tsawo, 1 a faɗi, 1 a tsayi. Da shi ake auna kankare.

2. Ƙarfin daɓe daga ƙarƙashinsa yake

Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin zuwan siminti. Sukan zuba marmara, su yayyafa ruwa, su yi layi da madaɓi suna bugu har ƙasa ta haɗe, sannan su shafe ta da ruwan makuba. Rabin aikin duk bugun ne. Har yau haka abin yake: karo mafi tsada zai fashe idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zauna.

A ƙasar jigawa irin tamu, ga yadda ake yi. A ɗaga ƙasan ɗakin ya fi titi tudu. Ambaliyar damina ta 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi, ta nuna abin da ke samun kayan da ke ɗakin da ya yi daidai da hanyar ruwa. A zuba cikon marmara bi da bi, kowane zubi kada ya wuce kaurin santimita 15 zuwa 20, a jiƙa shi, a daddanne shi sosai kafin a ƙara wani. A sa maganin gara. A shimfiɗa leda mai kauri don kada laima ta taso daga ƙasa. Sai a zuba kankare: santimita 10 ya isa kanti, mangazar buhuna kuwa tana son 12 zuwa 15, da ragar ƙarfe a ciki.

Ma'aunin da aka saba da shi na kankare mai ƙarfi shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. A wurin aiki, buhu ɗaya ke nan da baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Ko simintin Malbaza ne, ko wanda ya shigo daga Najeriya, a duba lambar da ke jikin buhun: 42.5 ya fi 32.5 ƙarfi. Buhun da ya yi ƙulli-ƙulli masu tauri ya sha laima, a mayar da shi.

Yashi ma abin lura ne. Rairayin jigawa mai laushi ba ya yin kankare mai kyau. Yashin ƙorama mai kaushi ake so. Gwajinsa ba wuya: a cika rabin kwalba da yashi, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye ta yashin ya kwanta. Idan laka mai kauri ta taru a saman yashin, sai an wanke shi ko a nemi wani.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an gama zubi. Mutane da yawa na tsammanin bushewa ce ke ba siminti ƙarfi. Ruwa ne ke ba shi. Siminti na ci gaba da haɗuwa da ruwa kwana da kwanaki, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Idan zafin Afrilu ko busasshiyar iskar hunturu ta shanye ruwan tun ranar farko, fuskar daɓen za ta riƙa tashi gari, ta tsattsage. Dole a bar shi cikin laima aƙalla kwana 7. Ruwa na da tsada a Dakoro, kowa ya sani, to amma akwai dabara: a jiƙa daɓen, a rufe shi da tsofaffin buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, ruwan bidon kaɗan zai wadatar. Idan daɓen mai faɗi ne, a yanka masa layi kowace mita 3 zuwa 4, domin idan zai tsage ya tsage a cikin layin.

*Misali na 1.* Wani ɗan kasuwar hatsi zai gina mangaza mai mita 8 da mita 6, kaurin daɓe santimita 12.
Fili: 8 × 6 = murabba'in mita 48.
Kankare: 48 × 0.12 = mita kubik 5.76.
Siminti: 5.76 × 7 = 40.3, wato buhu 41.
Idan magini ya ce buhu 25 zai isa, ba sauƙi ya kawo ba. Ko ya rage kauri, ko ya ƙara yashi.

3. Nau'o'in daɓe da inda kowanne ya dace

*Siminti gogagge.* Shi ne daɓen mangaza, garejin gyaran babur, wurin walda da shagon kayan gini. Yana ɗaukar nauyi da duka, kuma idan ya ɓalle ana cike shi da rabin buhu. A mangazar gishiri, kanwa ko taki, a jera buhunan a kan katako, nesa da bango, kada su taɓa simintin.

*Leda.* Tana da araha, ana shimfiɗa ta cikin sa'a guda. Amma rairayi na huda ta, ƙafar kujera na yaga ta, laima na kwanciya a ƙarƙashinta. Ta dace da ɗan ofis na ciki ko shagon haya da ba za a daɗe ba. A kantin da jama'a ke shiga, ba na ba da shawararta.

*Tarazo.* Siminti ne da aka cakuɗa da ƙananan duwatsu masu launi, aka goge da inji. Za ku gan shi a tsofaffin makarantu da asibitoci, ya yi shekara da shekaru bai gaji ba. Matsalarsa ita ce sai an sami gwani da injinsa, kuma gugar na cin ruwa.

*Karo.* Shi ake rububi yanzu, kuma a nan aka fi yaudaruwa, don haka za mu tsaya a kansa.

> Akwatin ma'ana
> Karo: falle-fallen gasasshen yumɓu da ake liƙawa a ƙasa ko a bango, a Najeriya ana ce masa tayil.
> Karo mai shan ruwa: wanda bai gasu sosai ba, bayansa yakan yi ja, ya fi sauƙin fashewa.
> Karo mai tauri: wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba.
> PEI: lamba daga 1 zuwa 5 da ke nuna yadda fuskar karo ke jure gogewa.
> R: lamba daga R9 zuwa R13 da ke nuna yadda karo ke riƙe ƙafa, idan lambar ta yi sama, santsi ya ragu.

A shagon mai sayarwa, a juya karon a ɗiga ruwa a bayansa. Idan ruwan ya ɓace nan da nan, mai shan ruwa ne. Idan ya tsaya yana ƙyalli, mai tauri ne, shi ya dace da ginin kasuwanci. A ƙwanƙwasa shi da makulli: lafiyayye yana ƙara tar, mai tsaga a ɓoye yana ƙara a dushe. A haɗa biyu fuska da fuska a duba ko sun kwanta daidai, don akwai masu lanƙwasa. Sannan a karanta kwalin. Kanti na son PEI 4, bakin ƙofar da jama'a ke turuwa na son 5. PEI 1 da 2 na ɗakin kwana ne da banɗakin gida. Karon bango kuwa siriri ne, kada a yarda a sa shi a ƙasa komai araharsa.

Karo mai ƙyalli kamar madubi yana ɗaukar ido, amma ku tuna su wa ke shiga ɗakin sayar da magani: tsofaffi, masu juna biyu, marasa lafiya, uwa da goyo. Ɗigon ruwa kaɗan a irin wannan karo ya isa ya karya ƙugun dattijo. A wurin jama'a a nemi R10. A kicin na gidan abinci, inda mai ke zuba, a nemi R11 ko R12. Launi kuma, wanda ya yi kusa da na ƙasa ya fi ɓoye ƙura. Fari fat da baƙi ƙirin sai an yini ana guga.

Kowane kwali yana ɗauke da lambar gashi. Kwalaye biyu masu suna ɗaya, idan lambar gashinsu ta bambanta, launinsu da girmansu na iya saɓawa kaɗan. A sayi duka lokaci guda, masu lamba ɗaya, a ƙara kwali guda a ajiye. Maraɗi, inda aka fi samun kayan, ta fi kilomita 100 daga nan, kuma irin karon da aka saya bana ba lalle a same shi baɗi ba. Wanda yake gini lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 ya san yadda kaya ke yankewa.

Wajen liƙawa, a sa ido kan abu uku. Turmin siminti ko gam ɗin karo ya cika bayan karon duka. Magini mai gaggawa yakan ɗora dunƙule biyar kawai, ya bar rami a ƙasa, nan ne ke fashewa ranar da aka sauke ganga. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin karo da karo, a bar 'yar tazara kuma a jikin bango, domin daɓe na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Karon da aka matse ba tazara shi ne ke kumbura ya tashi da ƙara. Kwana biyu bayan aiki, a bi ɗakin da sandar tsintsiya ana bubbugawa. Duk wanda ya yi ƙarar fanko a sa a cire shi kafin a biya cikon kuɗin aiki.

*Misali na 2.* Kanti mai mita 5 da mita 4, za a sa karo mai santimita 40 da 40.
Fili: 5 × 4 = 20.
Ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa: 20 + 2 = 22.
Karo ɗaya: 0.40 × 0.40 = 0.16.
Yawan karo: 22 ÷ 0.16 = 137.5, wato 138.
Idan kwali na ɗauke da 12: 138 ÷ 12 = 11.5, wato kwali 12. Da na ajiya, 13.

*Misali na 3.* Mu ƙaddara, don lissafi kawai, cewa leda jika 2 ce kowane murabba'in mita, karo da aikinsa kuma jika 8. A wancan kantin, leda jika 40 ce, karo jika 160. Idan ana canja leda duk shekara biyu, cikin shekara goma an saye ta sau biyar, jika 200 ke nan, ban da ranakun da aka kwashe kaya aka rufe kanti. Araha ba ta ado. Ku sake lissafin da farashin da kuka tarar a kasuwa wannan makon.

Inda ake wanke daɓe da ruwa, kamar kicin, mahauta da wurin tara madara, a ba shi gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin magudana. A bakin ƙofar kanti kuma, maimakon matakala kaɗai, a yi gangara mai kaushi saboda keken naƙasassu da baro: kowane santimita 1 na tudu yana son 12 na tsawo, wato tudun santimita 20 na son gangarar mita 2.4. Tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa na tsare rairayi mai yawa, kuma kuɗinta bai kai na kwalin karo ɗaya ba.

4. Ƙofar dubawa

Ginin kasuwanci na yau yana ɓoye abubuwa da yawa. A saman silin akwai wayoyin lantarki, na kamfanin Nigelec ko na faifan hasken rana, da mahaɗansu. A cikin bango akwai bututun ruwa da makullinsa. A ƙarƙashin daɓe akwai magudana. Duk cikinsu babu wanda ba ya lalacewa: ɓera na cin waya, mahaɗin bututu na yoyo, magudana na toshewa da rairayi da mai. Ranar da hakan ta faru, idan ba a bar hanyar isa wurin ba, guduma ce za ta yi hanyar, ta cikin silin ko karon da aka kashe wa kuɗi.

> Akwatin ma'ana
> Silin: rufin ciki da ke ƙarƙashin kwano, maginan Nijar na ce masa filafon.
> Ƙofar dubawa: 'yar ƙofa mai murfi da ake bari a silin, a bango ko a daɓe don a duba ko a gyara abin da ke ɓoye ba tare da fasa gini ba.
> Akwatin magudana: ɗan rami ginanne mai murfi a kan hanyar ruwan datti, inda ake zura sanda a buɗe toshiya.

*Ta silin.* Idan mutum zai shiga, kada ta gaza santimita 60 da 60. A yi mata firam da ya kama katakon rufi, don falle na silin kaɗai ba ya ɗaukar nauyin mutum. A sa ta kusa da inda wayoyi suka taru, a wurin da tsani zai tsaya, ba a saman kanta mai kaya ko saman tukunyar abinci ba, saboda ƙurar da za ta zubo ranar buɗewa. Idan bango ya raba saman ginin gida-gida, kowane ɓangare na son tasa. A jerin shagunan haya wannan batu ne na tsaro: idan saman silin a haɗe yake, wanda ya hau ta shago ɗaya zai iya sauka a na maƙwabci. A kai bangon tsakani har kwano, kowace ƙofa kuma a sa mata sakata ta ciki. A liƙa roba a gefen murfin ya rufe ruf, don ƙura da zafi da jemage kada su sami hanya.

*Ta bango.* Santimita 20 da 20 ta isa hannu ya murɗa makullin ruwa. 30 da 30 ko 40 da 40 idan za a shigar da sifana. A auna da hannun mai gyara riƙe da kayan aikinsa, ba da ido ba.

*Ta daɓe.* A gina akwatin magudana duk inda bututu ya karya kwana, da inda biyu suka haɗu, da kuma kusan kowace mita 15 idan hanyar miƙaƙƙiya ce. Na cikin ɗaki a yi masa murfi mai kwarmi da za a cika da irin karon ɗakin, ya zo daidai da daɓe, kada ya zama abin tuntuɓe, kuma ya toshe wari. Na waje a duba abin da zai bi ta kansa. Murfin ƙarfe na kamfani yakan zo da alama: A15 na masu tafiya da ƙafa ne, B125 na wurin ajiye ƙananan motoci, D400 na hanyar manyan motoci. A ƙofar mangaza, inda babbar mota ke ja da baya don sauke buhuna, murfi siriri ba zai kai mako ba. Ko dai a sayi mai ƙarfi, ko a kauce da akwatin daga hanyar taya. Akwatin da aka bari a buɗe gidan sauro ne, kuma yara na faɗawa.

Abin da za a yi murfin da shi ya danganta da wurin. Katako na da sauƙi, amma gara na cin sa, laima na murɗa shi. Roba ba ta tsatsa, ta dace da banɗaki, sai dai rana na busar da ita ta karye, don haka kada a sa ta a waje. Kusa da murhu, injin wuta ko ɗakin batura, ƙarfe kaɗai ya dace, domin ƙofar katako ita ce hanyar da wuta ke bi ta haye rufi. A manyan gine-gine ana sa murfi mai alamar EI30 ko EI60, ma'ana yana tsare wuta minti 30 ko 60. Maƙeran walda na garinmu na iya haɗa murfin ƙarfe da firam ɗinsa daidai awo. A shafa masa fentin hana tsatsa kafin a kafa.

*Misali na 4.* Wata mai gidan abinci tana gini kusa da tasha. Magini ya gama jan bututu daga wurin wanke-wanke, ya karya kwana ya fita ta bayan ɗaki, yana shirin rufewa.

"Malam, idan nan ya toshe fa, ta ina za a buɗe?"

"Hajiya, bututun babba ne, ba zai toshe ba."

"Mai da tsakin tuwo ne za su bi ta ciki kullum. A yi mini akwati a kan kwanar nan, a bar 'yar ƙofa kuma a wajen makullin ruwa."

Abin da ta ƙara bai wuce bulo kaɗan da rabin buhun siminti da murfi biyu ba. Kafin a rufe, ta ɗauki hoton bututun da wayarta, da ma'aunin mita a gefensa, don a san inda ya bi. Wannan dabarar hoto kowa ya riƙe ta: a ɗauki kowace waya da kowane bututu kafin a yi yaɓe ko a zuba kankare, a kuma zana su a takarda a ajiye tare da takardun fili.

5. Ranar buɗewa

Kafin a hau silin, a kashe wuta daga babban makunni. Idan akwai faifan hasken rana, a raba shi da batura ma, domin yana ba da wuta muddin akwai rana. A hau da sassafe. Tsakanin kwano da silin da tsakar ranar bazara zafi ne mai sumar da mutum. A taka katako kaɗai, wani kuma ya riƙe tsani a ƙasa.

Ramin masai da akwatin magudana mai zurfi sun fi haɗari. Iskar da ke taruwa a ciki na kashe mutum cikin ɗan lokaci, wata kuma na kama wuta. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. A buɗe murfi a ja da baya, a bar shi ya sha iska, kada a kusanto da ashana ko taba, a yi aikin daga sama da sanda ko waya. Kada a tura yaron shago ciki don ya fi ƙanƙanta. Aikin da ke bukatar shiga na masu sana'ar ne da kayansu.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da ke lalata daɓen kanti a Dakoro, ka bayyana yadda kowanne ke yi.
2. Me ya sa ake barin sabon kankare cikin laima, kuma kwana nawa? Wace dabara ce ke rage yawan ruwan da za a saya?
3. Mangaza mai mita 10 da mita 5, kaurin daɓe santimita 12. Buhun siminti nawa za ta ci?
4. Shago mai mita 6 da mita 3, karo mai santimita 30 da 30. Karo nawa za a saya, har da ƙarin kashi 10 cikin 100?
5. Yaya za ka gane karo mai tauri a shagon mai sayarwa ba tare da ka karanta kwali ba?
6. Me PEI ke nunawa, me R ke nunawa? Waɗanne lambobi za ka nema wa ɗakin sayar da magani?
7. Wane daɓe za ka ba da shawara a yi a wurin tara madara? Faɗi dalilinka.
8. Bakin ƙofar kanti ya fi titi tudu da santimita 30. Mita nawa gangararsa za ta kai?
9. Ina ake gina akwatin magudana? Wane murfi ya dace da ƙofar mangaza?
10. Me za ka yi kafin ka bar mai gyara ya hau saman silin?
11. Aikin gida: ku rabu uku-uku, ku nemi izinin wani mai shago a unguwarku, ku auna ɗakinsa, ku rubuta irin daɓensa da inda ya fi lalacewa, ku nemo ƙofofin dubawa idan akwai, ku zana inda ya kamata a ƙara wasu. Ku kawo zanen a zama na gaba.